Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayena da ke zaune a sahun gaba, malamai abokan aiki, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma. Na gode da kuka bar harkokinku kuka zo. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku shigo, akwai benci a nan gefen hagu.

Da aka ce in zo in yi magana kan wani wasan talabijin na ƙasar Japan, wata abokiyar aikina ta tambaye ni me ya haɗa malamar jinya da fim. Na ce mata hawaye ne suka haɗa mu. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin marasa lafiya, na ga kuka iri-iri, na kuma ga mutanen da ya kamata su yi kuka amma suka haɗiye shi har ya zame musu ciwo. Wasan da zan yi magana a kansa ya sa mutane kuka a ƙasashe da yawa, kuma na daɗe ina son in gane abin da ke sa su.

Sunansa da Japananci Ichi Rittoru no Namida, wato Lita Ɗaya ta Hawaye. Gidan talabijin na Fuji ne ya nuna shi kashi 11, duk ranar Talata da dare, daga Oktoba zuwa Disamba na 2005. Tushensa kuwa gaskiya ne. An yi wata yarinya mai suna Aya Kito a garin Toyohashi na lardin Aichi, an haife ta a 1962. Tana da shekara 15 likitoci suka gano tana da wata cuta da ke cin ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ta riƙa rubuta abin da ke faruwa da ita a littafi kullum, har lokacin da hannunta ya daina riƙe alƙalami. An buga rubutun nata a 1986 tana da rai, ta rasu ranar 23 ga Mayu 1988 tana da shekara 25. Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Daga baya Indunusiya da Turkiyya duk sun yi nasu wasan a kan wannan labari, da harshensu da 'yan wasansu.

Bari in ɗan tsaya a kan cutar, don in ba a fahimce ta ba, ba za a fahimci kukan ba. Kowa ya sa hannunsa a ƙeyarsa. To, a nan ciki, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama. Aikinta daidaita motsi. Ita ke sa ki ɗauki kofin shayi ki kai baki ba ki zubar ba, ita ke auna miki nisan matakala, ita ke tsara harshe da leɓe su fitar da kalma daidai. A wannan cuta ƙwayoyin wannan sashe da na laka suna mutuwa a hankali. Da farko tafiya ke canjawa, mutum ya riƙa tangaɗi. Sai rubutu ya karkace. Sai magana ta yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Can gaba haɗiye abinci ya zama haɗari, don yana iya bin hanyar iska. A duk tsawon wannan lokaci hankalin Aya yana nan garau, tana ganin kowane abu da ke suɓuce mata, tana ƙirga shi. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba, sai dai motsa jiki da kulawa da ke rage wahala.

A wasan an canja wa gidan suna, aka kira yarinyar Aya Ikeuchi, kuma Erika Sawajiri ce ta fito a matsayinta. Uwar ma'aikaciyar lafiya ce. Uban kuwa sana'arsa awara, irin ta waken suya da muka sani, wadda su suke kira tofu. Gidan da shagon a haɗe suke, yara na taya aiki da sassafe kafin su tafi makaranta, ana hayaniya a wurin cin abinci, uba na barkwanci 'ya'ya na gajiya da shi. Gida ne da kowa a nan zai gane.

Akwai wani wuri a farkon wasan da ya tsaya min a rai saboda aikina. Aya ta fito za ta tafi makaranta, sai ta faɗi ta fasa haɓa. Faɗuwar yaro ba abin mamaki ba ce. Amma uwar ta lura cewa tafin hannun yarinyar bai ko ƙuje ba. Duk mai lafiya in zai faɗi, hannu ke riga fuska isa ƙasa, ba sai ya yi tunani ba. Wannan yarinya fuskarta ce ta fara isa. Daga wannan lokaci uwar ta shiga wani hali ita kaɗai. Ta kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likita ya gaya mata gaskiya, ta ƙi yarda, ta ɗauki hotunan ta nufi wani likitan ko zai faɗi wani abu dabam. Sannan ta dawo gida ta ɗora tukunya, ta zuba wa yara abinci tana murmushi. Na ga wannan murmushin a barandar asibiti sau ba adadi. Uwa ta fito daga ofishin likita, ta tsaya a bayan ƙofa ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta shiga wurin ɗanta ta ce masa likita ya ce da sauƙi.

Yanzu mu zo kan masu kallo. Cikin waɗanda na tattauna da su, da ɗalibaina da na ba wa wasan su kalla, na ga mutane kashi uku. Akwai masu cewa tun daga kashi na uku ba su ƙara kallo da busasshen ido ba, har su kan ja kunnen wasu kada su kalla in da safe za su fita aiki, don ido zai kumbura. Akwai waɗanda suka tsaya a tsakiya suka ce ba za su iya ƙarasawa ba, kuma in ka bincika sai ka tarar suna da mara lafiya a gida, ko sun taɓa yi. Sai kashi na uku, masu jin haushi, waɗanda ke cewa an shirya wasan ne don a matse musu hawaye kamar ana matsar lemon tsami. Zan dawo kansu, don suna da hujja.

Kusan kowa ya yarda da abu guda: wurin da ya fi karya zuciya shi ne ƙarshen kowane kashi. In wasa ya ƙare, sai a nuno hotunan Aya ta gaskiya, tsofaffin hotunan gida, tare da wasu layuka daga littafinta. Ka gama lallashin kanka cewa ai 'yan wasa ne, za su wanke fuska su tafi gida, sai ga yarinyar da ba ta tashi ba. A farkon wasan hotunan na yarinya ce a tsaye. Da aka yi nisa sai ga ta a keken guragu, can kuma a gadon asibiti.

Japanawa mutane ne masu dauriya. Suna da kalma, gaman, wadda ke nufin jure abin da ke da wuyar jurewa ba tare da an gani a fuskarka ba. Yaro na tashi da ita, ma'aikaci na rayuwa da ita, kuma ɗora wa wani damuwarka abin kunya ne a wurinsu. Abin ya kai a 2013 wani mutum mai suna Hiroki Terai ya fara shirya taro a Tokyo da suke kira ruikatsu, wato neman hawaye. Mutane su taru a ɗaki, a kashe fitila, a nuna musu abin tausayi, su yi kuka tare, kowa ya kama gabansa. A garin Otsuchi na lardin Iwate kuma akwai wata rumfar tarho a cikin lambu, wayarta ba ta haɗe da komai. Wani dattijo, Itaru Sasaki, ya kafa ta bayan rasuwar ɗan'uwansa, don ya riƙa ɗaukar kan wayar yana faɗin abin da ke ransa. Da ambaliyar teku ta Maris 2011 ta cinye mutane da yawa a garin, sai ya buɗe ta ga kowa, dubban mutane suka riƙa zuwa. Ina kawo waɗannan ne don ku ga cewa al'ummar da ta hana kuka a fili sai ta nemo masa wani ɗaki. Talabijin na daren Talata ma ɗaki ne irin wannan.

Abin da na gano, kuma shi ne dalilin zuwana yau, shi ne yawancin masu kallo ba mutuwar Aya ke sa su kuka ba. Mutuwar tana zuwa ne a ƙarshen ƙarshe, kuma ba a daɗe a kanta ba. Kukan na shekara goma ne da suka gabace ta.

Ku duba yadda Japan ta tsara wa mutuwa hanya. Akwai daren zama da gawa, akwai kuɗin ta'aziyya da ake kawowa a ambulan ta musamman. Kusan kowa ƙona gawarsa ake yi, dangi su tsince ƙasusuwan da tsinke su zuba a tulu. Akwai addu'ar kwana 49 a al'adarsu ta Buda, akwai ɗan wurin tunawa da mamaci a cikin gida, akwai bikin Obon da ake yi duk shekara, galibi a watan Agusta, ana ziyarar kaburbura. Mu ma da namu tsarin bisa addininmu: wanka, likkafani, sallah, a kai mutum makwancinsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta su kawo abinci, kowa ya zo ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Hanyoyin sun bambanta ƙwarai, amma a duka biyun, ranar da aka yi rasuwa kowa ya san abin da zai yi da abin da zai ce.

To ranar da 'yarki ta yi tafiyarta ta ƙarshe da ƙafarta fa? Ranar da ta kira ki Mama da muryar da kike ganewa, daga nan ba ta ƙara ba? Wa ke zuwa gaisuwa? Rashi ne na gaske, amma ba gawa, ba tabarma, ba mai kawo kwanon abinci. In kika yi kuka ma sai a ce kina yi mata fatan mutuwa. Iyalin mai doguwar jinya suna binne abu kaɗan-kaɗan, yau tafiya, gobe rubutu, jibi murya, kuma kowanne su kaɗai suke binne shi. Wannan wasa ya zauna da su a wannan makoki har mako 11, shi ya sa wanda ya taɓa shiga irinsa yake jin kamar yau ne aka fara zuwa masa ta'aziyya.

Kuma bai tsaya kan uwa kaɗai ba. Akwai ƙanwar Aya, Ako. Ita ce 'yar da ba a yabo, kullum ana auna ta da yayarta mai ƙoƙari. Da ciwo ya zo, kafin a gaya mata gaskiya, sai ta ga hankalin iyaye duk ya ƙara komawa kan Aya, ta yi fushi, ta yi maganganu masu zafi. Ɗalibata guda ta same ni bayan ta kalla, ta ce, Malama, ni ce Ako. Yayanta na da sikila, ta tashi tana jin haushin duk kuɗin gida da duk tausayin gida na tafiya wurinsa, sannan tana jin haushin kanta da take jin haushin. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai ranar. A wasan akwai kuma ƙanen Aya, Hiroki, mai buga ƙwallo. Abokansa suka yi wa tafiyar yayarsa dariya, sai ya ji kunyarta, ya so kada ta zo kallon wasansa. Ako ɗin nan da muke ganin ba ta da tausayi, ita ta ja shi ta nuna masa irin wahalar da yayarsu ke sha don ta taka ƙafa, ta faɗa masa magana har ya yi kuka. Yaron ba mugu ba ne. Yaro ne da ciwo ya shigo gidansu ba wanda ya koya masa yadda ake zama da shi.

Sai maganar makaranta. 'Yan ajinsu suna son ta, suna riƙe ta a matakala, suna ɗaukar mata jaka. Amma tafiya ta yi tafiya, ana makara shiga aji saboda ita, iyayen yara suka fara ƙorafi cewa karatun 'ya'yansu na ja baya. Wata rana aka zauna ana tattauna ta a aji bayan ta fita, ashe ta dawo ɗaukar abin da ta manta, tana bakin ƙofa tana ji. Daga nan ta koma makarantar naƙasassu. Abin da ke da ciwo a wurin shi ne babu azzalumi a cikinsu. Mutanen kirki ne da suka gaji. Mai jinya na gajiya, kuma ranar da ya ji gajiyar sai ya ɗauka imaninsa ne ya yi rauni. Ina gaya wa ɗalibaina, in mai jinya ta ce muku ta gaji, kada ku ce mata ta ji tsoron Allah. Ku ce ta je ta kwanta awa biyu, ku za ku zauna.

Na yi alkawarin komawa kan masu jin haushi. Hujjarsu ta farko ita ce saurayin. A wasan akwai wani yaro, Haruto, wanda Ryo Nishikido ya fito a matsayinsa, ɗan likita da ya rasa yayansa, ya tsaya wa Aya har ƙarshe. Wannan yaro babu shi a rayuwar Aya ta gaskiya, marubuta ne suka ƙirƙire shi. Hujja ta biyu, ciwon da aka nuna ya yi tsabta da yawa. Mu da muka yi jinya mun san warin ɗaki, mun san gyambon kwanciya, mun san canja zanin gado da ƙarfe uku na dare. Kyamara ba ta nuna wannan. Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma daga bakin naƙasassu ta fito. Wata 'yar Ostireliya, Stella Young, wadda ta rayu a keken guragu ta rasu a 2014, ta yi suna wajen sukar yadda ake mai da naƙasasshe abin kallo don masu lafiya su ji tausayi, su gode wa Allah da ba su ba ne, su ci gaba da harkarsu. A Japan ma an yi wannan muhawara. A 2016 wani shirin gidan talabijin na NHK mai suna Baribara, wanda naƙasassu ke ciki, ya fito fili ya soki irin wannan cinikin tausayi a talabijin.

Na yarda da su rabi. Gaskiya ne an zuba kiɗa a inda aka san zai tsinka zuciya, kuma gidan talabijin kasuwa yake yi. Gaskiya ne kuma hawayen da ya tsaya a kan kujerar kallo, bai sa ka leƙa maƙwabcinka mai shanyewar ɓarin jiki ba, bai sa an gyara matakalar makaranta ba, ruwa ne kawai. Inda na rabu da su shi ne, Aya ba wani ne ya ba da labarinta ba. Ita ta rubuta da hannunta, hannun da ke ƙin bin umarninta, kuma ta so a karanta. Yarinya ce da cuta ta ƙwace mata murya, ta nemi wata hanyar yin magana. In muka ce duk kukan da aka yi mata yaudara ce, mun sake rufe mata baki.

Zan gaya muku abin da ya faru a gidanmu, don shi ya sa na ɗauki wannan wasa da muhimmanci. Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, ya yi shekara shida a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Inna ce ta yi jinyarsa. Kun san al'ada, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana son sa. Ko a jinyar, in za ta ba shi kunu sai ta kawar da fuska kamar ba ta damu ba, ta ce, ungo, sha. Ranar da ya rasu mata suka cika gida suna kuka, ita tana zaune da carbi tana ba su haƙuri. Kowa ya yaba, aka ce Inna akwai tawakkali. Ni ma na yaba.

Bayan shekaru, ina kallon wannan wasa a kwamfuta a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni tana gyaran zogale. Ba ta jin Japananci, ba ta karanta rubutun da ke ƙasa, ni nake ɗan fassara mata. Aka zo wurin da uwar ke zaune a bakin gado tana ba Aya abinci da cokali, tana jira ta haɗiye, tana kallon maƙogwaronta. Ban fassara komai ba, don ba a yi magana ba. Sai na ga hannun Inna ya tsaya a cikin tire. Ta ce, a hankali take ba ta, ta san in ta yi sauri zai sarƙe ta. Sai ta yi shiru. Can ta ce, haka nake yi masa. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, kuma a rayuwata ban taɓa jin irin wannan kukan daga bakinta ba.

Na tsorata, na kira ƙanen mahaifinmu, malami ne, na ce Baffa, ko na yi laifi? Ya ce min, ke 'yar nan, ba ki karanta ba ne? Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai cewa haƙuri mai kyau. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙe ɗansa Ibrahim yana cikin numfashin ƙarshe, idanunsa na zubar da hawaye, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Ya ce in bar ta, kada in buga ƙofar.

Ban buga ba. Na zauna na ƙarasa gyaran zogalen. Da magariba ta yi ta fito ta yi alwala, ta yi sallah, ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Washegari da hantsi ina shirin fita aiki, ta tsayar da ni a zaure ta tambaye ni ko uwar yarinyar nan ta gaskiya ta samu mai taya ta. Na ce mata ta ma rubuta nata littafin a kan jinyar 'yarta. Inna ta jinjina kai, ta ce in na dawo da yamma in kunna mata daga inda muka tsaya.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga min hannu, kuma an kusa kiran sallah. Wanda ke da tambaya ya rubuta a takarda ya miƙo gaba, in mun dawo daga masallaci sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.